Muryar da Ba Ta Yin Sallama

Karatu: 1 Sarakuna 6:1-7, Ezra 3:10-13

Akwai wata tambaya da aka taɓa yi mini da ƙarfe biyun dare, kuma har yau ban gama amsa ta ba. Shi ya sa na kawo maka ita, mu ɗauka tare.

A lokacin ina cikin kwamitin gini na ikilisiyarmu a nan Zuru. Mun kai ga zuba kankaren bene, cikin watan Maris, zafi ya kai inda ya kai. Wanda ya san gini ya san cewa in an fara zuba kankare ba a so a tsaya. In wani sashe ya sandare kafin a zuba na kusa da shi, ba za su kama juna da kyau ba, nan ne ruwa zai riƙa bi, nan ne kuma tsagewa take farawa. Da zafin rana siminti yakan yi saurin kamawa, don haka birkila ya ce a fara da la'asar, a kwana ana yi. Aka kunna injin kwaɓa siminti, aka kunna janareta saboda fitilu, matasa suka yi layi da kwanon sarki a ka, zumuntar mata na ɗebo ruwa. Sai wani ya ce a fito da lasifika a sa waƙoƙin yabo don kada barci ya kama masu aiki. Ni da bakina na ce to.

Can cikin dare na hangi wani dattijo tsaye a bakin ƙofa. Maƙwabcinmu ne, Musulmi, kuma kawun ɗaya daga cikin mawaƙanmu, kamar yadda ka san gidajen ƙasar Zuru suke. Daga baya na ji cewa ya yi sallama sau uku, ba wanda ya ji shi, bai kuma shigo ba. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Sannunku da aiki, ɗana. Injin nan na gane shi, aiki yake yi. Waƙar fa, ita ma siminti take kwaɓawa?"

Na ce, "Baba, yabon Allah muke yi."

Ya ce, "Madalla. Ina da baƙi daga wajen Wasagu, mata da yara, kwana huɗu ke nan. Ba su iya barci ba tun da suka zo. Yau ne ƙaramin ya fara runtsawa." Ya yi mana fatan gamawa lafiya, ya juya.

Abin da ya fara zuwa zuciyata, in gaya maka gaskiya, fushi ne. Na ce a raina, su ba sa kunna tasu? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sai da na ga bayansa yana tafiya a hankali cikin duhu na tuna cewa mutumin nan ya tsaya a ƙofarmu yana neman izinin shiga, alhali muryarmu tun magariba take cikin ɗakinsa, a kan tabarmar baƙinsa, ba ta nemi izinin kowa ba.

Ka lura da yadda Allah ya halicce mu. Ido yana da murfi. In ba ka son ganin abu sai ka rufe, ko ka kau da kai. Baki ma kana iya tsuke shi. Kunne ba shi da ƙofa, a buɗe yake ko kana barci, domin shi ne mai gadin jiki da dare. Wanda ya ɗaga murya a unguwa ya yanke shawara a madadin kowa: mai jinya, mai jego, ɗalibin Jami'ar Noma da ke da jarrabawa da safe, sojan da ya dawo daga daji bayan makonni, manomin da zai yi sammako. A cikin bazara kuwa, da wuta ta ɗauke, rabin gari a tsakar gida yake kwana, ko bango babu tsakaninsu da lasifikarmu. Tambayar ita ce, daren unguwa na wane ne? In na kowa ne, da wane iko ni kaɗai zan cika shi, ko da abin da nake cika shi da shi mai tsarki ne?

Na san amsar da za ka ba ni, domin ni ma ɗan Fentikos ne, kuma ba na jin kunyar haka. Ikilisiya da ƙara aka haife ta. A Ayyukan Manzanni sura 2 ƙarar ce ta tara jama'ar Urushalima, har Bitrus ya samu waɗanda zai yi wa wa'azi. A karatunmu na biyu, ranar da aka kafa harsashin Haikali bayan dawowa daga Babila, matasa na sowa, tsofaffin da suka ga Haikalin farko na kuka, har aka kasa bambanta sowa da kuka, aka kuma ji su daga nesa. Bulus da Sila da tsakar dare suka yi waƙa a kurkukun Filibi. Wanda Yesu ya 'yantar daga tsoron maita da kangin giya ba za ka ce masa ya yi godiya da raɗa ba. Duk wannan gaskiya ne, ba na janye ko ɗaya.

Sai dai ka duba abin da ya haɗa waɗannan wuraren. Muryar mutane ce, mai iyaka. Maƙogwaro yakan gaji, murya takan dushe, sowa takan kai ƙarshenta. Ranar Fentikos ma da misalin ƙarfe tara na safe ne, Bitrus da kansa ya ambaci lokacin. Kafa harsashin Haikali rana ɗaya ce bayan shekaru masu yawa na bauta a baƙuwar ƙasa. Abin da ke hannunmu yau wani abu ne dabam: na'ura wadda ba ta gajiya, wadda mutum biyar a ɗaki za su yi amfani da ita su fi taron mutum dubu ƙara, kowace Juma'a, har gari ya waye. Sau da yawa na shiga addu'ar kwana na tarar da mutum goma sha biyu a ciki, huɗu na gyangyaɗi, amma ƙahon da ke kan rufi yana sanar da unguwa uku. Waɗanda ke cikin ɗakin ba su buƙatar ƙahon don su ji jagora. To don wa aka ɗora shi?

Yanzu mu koma ga Sulemanu. Aya ta 7 ta karatunmu tana ba da wani labari da mai sauri yakan tsallake. An sassaƙa duwatsun Haikali tun a wurin fasa su, aka kawo su a shirye, saboda haka ba a ji ƙarar guduma ko gatari ko wani kayan ƙarfe a wurin ginin ba. Sura ta 5 ta ce masu fasa dutse a tuddai 80,000 ne, masu dako 70,000, sura ta 6 kuma ta ce ginin ya ɗauki shekara 7. Ka yi tunanin ƙarar guduma dubu tamanin. Ƙarar tana nan, ba a kashe ta ba, ba ma yadda za a yi gini ba tare da ita ba. An dai ba ta wurinta, can kan dutse, nesa da inda ake shirya wa Allah mazauni. Wannan ya ci kuɗi da wahala, domin auna dutse daga nesa har ya zauna daidai ba ƙaramin aiki ba ne. Sarkin da ya fi kowa iko a ƙasar, mai gina abu mafi tsarki, ya ɗauki wannan ƙarin wahala. Ni kuwa da nake gina bene ɗaya da baikon talakawa na ɗauka tsarkin aikina ya ba ni lasisin hana unguwa barci.

Dokar ƙasarmu ma abin da take ƙoƙarin yi ke nan, ba wa ƙara wurinta da lokacinta. Mutane da yawa ba su san tana nan ba. A 2007 aka kafa hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idojin hana hayaniya na ƙasa baki ɗaya, waɗanda suka shafi Kebbi kamar yadda suka shafi Abuja. Ana auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Raɗa wajen 30 take, hira ta yau da kullum wajen 60. Dokar ta raba yini biyu: rana daga 6 na safe zuwa 10 na dare, dare daga 10 zuwa 6 na safe. A unguwar zama ta ajiye iyaka a 50 da rana, 35 da dare. Kusa da asibiti da manyan makarantu ta fi tsanani da rana, a wurin masana'antu ta fi sassauci. Ta ware wa wuraren gini nasu ma'auni, ta ware wa wuraren ibada da na shagali da masu shela da lasifika nasu, ta kuma buɗe ƙofar neman izini ga wanda aikinsa dole ne ya wuce iyaka. Wato ta san akwai kankaren da ba ya jira, akwai biki, akwai taron bishara. Abin da take nema shi ne a auna, a nemi izini, a san lokacin tsayawa.

Ga ɗan lissafi da wani malamin kimiyya cikin 'yan'uwanmu ya yi mana a allo, wanda ya sa ɗakin ya yi tsit. A fili, duk lokacin da ka ninka nisa, ƙara na raguwa da desibel 6 kawai. A ce ƙahonka yana ba da 100 a nisan mita 1. A mita 2 ya zama 94, a mita 8 ya zama 82, a mita 32 ya zama 70, a mita 128 har yanzu 58 ne. Gidan da ya fi tsawon filin ƙwallo nisa da kai yana jin ka kamar mutum na magana a gefen gadonsa. Kuma ba maƙwabta kaɗai abin ya shafa ba. Masana lafiyar kunne sun daɗe da sanin cewa zama cikin ƙarar 85 na awa 8 a kai a kai yana lalata ji, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Jariran da iyaye mata ke goye da su a layin gaba, dab da manyan akwatunan sauti, ba su zaɓi wurin zamansu ba. Yaron da ke kaɗa ganguna shekara biyar, in ka yi masa magana ya ce "na'am?" sau biyu, ka tambayi kanka wa ya ci amanarsa.

Za ka ce dokar a takarda take, ba wanda ya taɓa zuwa Rikoto ko Rafin Zuru da na'urar awo. Mai yiwuwa. Amma a Legas ta sauko daga takarda: a watan Yuni na 2016 hukumar muhalli ta jihar ta rufe majami'u 70 da masallatai 20 saboda hayaniya, tare da wasu otal-otal da gidajen rawa. A Kigali ta ƙasar Ruwanda an rufe majami'u kusan 700 a 2018, yawancinsu irin namu, kan batun ingancin gini da hayaniya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk da haka ba tsoron kwaɗon hukuma nake so ya motsa ka ba. Abin kunya ne a ce sai jami'in gwamnati ya koya wa ikilisiya ƙaunar maƙwabci.

Akwai wata damuwa da ta fi wannan nauyi, ba zan kuma yi kamar ban san ta ba. Kirista a Arewa ya san yadda kalmar "ku yi shiru" take iya zama makami. Akwai garuruwan da samun filin majami'a ma aiki ne, kuma dokar hayaniya a hannun mai son zuciya tana iya faɗa wa ɓangare ɗaya ta tsallake ɗaya. In an yi haka, zalunci ne, sai a faɗa a fili. 'Yan'uwanmu a Akara ta ƙasar Gana sun sha wannan gwagwarmaya: kowace shekara sarakunan gargajiya na Ga sukan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata ɗaya kafin bikin Homowo, kuma a ƙarshen shekarun 1990 an kai ga fasa kayan kiɗa da jikkata mutane a wasu majami'un Fentikos da suka ƙi bi. Tambayar da ke gabansu mai wuya ce, domin hanin yana da tushe a wata bauta. Wanda ya girma a ƙasar Uhola ba sai an yi masa dogon bayani a kan irin wannan ba.

Amma ka bambanta abu biyu da muke yawan cakuɗawa. Da majalisar Yahudawa ta hana Bitrus da Yohanna yin magana da sunan Yesu, sun ƙi, suka zaɓi biyayya ga Allah, aka yi musu bulala. Sunan aka hana su. Dattijon da ya zo ƙofarmu bai ce mu daina kiran sunan Yesu ba, bai ce mu daina gini ba, har addu'ar gamawa lafiya ya yi mana. Ya roƙi barcin yaro. In na kira wannan tsanani, na raina waɗanda aka ƙone wa majami'u da gaske. Manzo Bitrus a wasiƙarsa ta fari ya raba shan wuya saboda Almasihu da shan wuya saboda laifin kai, har ya lissafa mai shisshigi cikin sha'anin mutane a sahun masu laifi. Ban san shisshigin da ya wuce shiga ɗakin kwanan mutum da ƙarfe biyun dare ba.

Batun "su ma suna yi" kuwa, gaskiya ne a wasu lokuta, kuma su ma akwai masu gunaguni a cikinsu a kan nasu. Masu biki ma na yi, masu injin bulo da masu walda da 'yan siyasa da mai tallan magani a mota duk suna yi. Amma in ka bi zuciyar wannan magana za ka tarar ba bishara ke ciki ba. Gasa ce, ana kafa tuta da sauti, kowa na cewa unguwar nan tamu ce. A garin da uwa ɗaya ta haifi fasto da liman, wannan gasa cikin gida ɗaya take faɗawa. Ban taɓa jin shaidar wanda ya ce rashin barci ne ya kawo shi ga Yesu ba. Na dai ji da yawa da suka ce wata maƙwabciya ce ta zauna da su a asibiti. Littafin Karin Magana, sura 27 aya 14, ya riga ya yi mana dariya a kan wannan: ko albarka ce ka sa wa mutum da babbar murya da sassafe, shi a matsayin zagi zai karɓe ta.

Wani zai ce, in Ruhu ya sauko ba a iya riƙe shi. Bulus ya fi mu duka magana da harsuna, shi da kansa ya gaya wa Korantiyawa haka. Amma a sura ta 14 ta wasiƙarsa ta fari ya sa musu iyaka, mutum biyu ko uku, bi da bi, ya kuma ce annabi yana da iko a kan ruhunsa. Dalilin da ya bayar shi ne baƙon da zai shigo, kada ya ɗauka hauka ake yi. In Ruhu Mai Tsarki ya yarda a yi masa layi saboda baƙon da ke cikin ɗaki, ba zai ji ciwo ba in an juya maɓallin amfilifaya saboda maƙwabcin da ke bayan katanga. Kamun kai yana cikin 'ya'yan Ruhu, daidai da farin ciki.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna, kuma namu ne na wannan ƙasa. Shekarun nan mutanen Danko-Wasagu da Sakaba da Fakai sun ga abin da baki ba ya iya faɗa. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a kwanton ɓauna ɗaya a yankin Sakaba. Zuru ta cika da waɗanda suka baro gonakinsu da rumbunansu, da yawansu kuma a kujerun majami'unmu suke zama. Ga irin waɗannan, dare lokacin saurare ne. Kunnensu na neman ƙarar babura daga nesa, ko haushin kare da ya sauya. Ƙara mai ƙarfi tana yi musu illa biyu, tana firgita su, tana kuma rufe abin da suke saurare. Na ga mace ta kwashi 'ya'yanta ta yi bayan gari a daren Kirsimeti saboda abin fashewar wasa da yaranmu suka jefa. Muna iya ba ta buhun dawa ranar Lahadi, mu ƙwace mata barci ranar Juma'a, mu kuma rubuta na farkon kaɗai cikin rahoton ikilisiya.

A wancan daren mun kashe waƙar, injin ya ci gaba har asuba. Matasa suka riƙa rera da bakinsu a hankali, aikin bai ragu ba. Da za a zuba sashe na biyu, kwana uku kafin ranar muka bi gida-gida, ni da wani dattijon ikilisiya, muka je wurin mai unguwa, muka faɗi ranar da lokacin da muke sa ran gamawa, muka matsar da janareta bayan tarin bulo. Ba wanda ya hana. Wata tsohuwa ta ce tun da aka fara gini a layin nan ba wanda ya taɓa tambayar ta.

Ƙahon kan rufi kuwa ya fi wuya. Mun yi zama uku a kansa. Wasu 'yan'uwa da nake girmamawa sun ce in an sauke shi wuta ta mutu, an ji tsoron mutum, har ɗaya ya daina zuwa addu'ar kwana na wani lokaci. Inda muka tsaya shi ne a kashe na waje da ƙarfe goma, na ciki a rage shi daidai ɗakin, in kuma babban taro ne na shekara a sanar da unguwa tun da wuri. Ba kowa ya gamsu ba har yanzu.

Ba na cewa ka kwafi namu. Abin da nake roƙonka shi ne wannan: a addu'ar kwana mai zuwa, da misalin ƙarfe ɗaya, ka ajiye makirfo ko ka tashi daga kujerarka, ka fita ta ƙofa, ka taka har gidan da ya fi kusa. Ka tsaya jikin bangon ɗakin kwanansu minti goma, kada ka yi addu'a, kada ka yi waƙa. In ka san sunan wanda ke kwance a ciki, ka kira shi a zuciyarka. Sa'an nan ka koma ciki ka gaya wa mai kula da na'ura abin da ka ji.